Harsasan Mijinta

"Libarba mai cin harsashin fistol? Akwai, amma ba kasafai ake nemanta ba," in ji wani tsoho mai shagon bindigogi a garin Amarillo. "Baiwar Allah, me ya sa sai ita?"

Ta ɓoye yatsunta. Tun da mijinta ya karya su, ba ta iya ɗana ƙaramar bindiga irin fistol ɗinsa. Libarba kuwa, kunama kawai za ta ja.

"Ina da harsasan ne," ta ce.

Suna cikin jakarta. Da safe, mijin yana wanka, ta zazzage su daga bindigarsa, ta mayar da ita ƙarƙashin matashi.

Tsohon yana goge libarbar sai wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka.

"Masoyiyata," mijin ya ce a hankali, "na ji bindigata sakayau. Ga motarki kuma ina kallo. Fito mana."