Ɓawon Ƙwan Gwaggo Tabawa

Tun da kamfanin mai ya fara ɗura ruwan batir a rijiyoyinsa don narkar da dutsen ƙarƙashin ƙasa, aka kafa doka a garinmu: kafin a ba baƙo ruwa, a jefa ɓawon ƙwai a ciki. In ya yi kumfa, a zubar.

Sallau ya zo daga birni gaishe da gwaggonsa Tabawa. Ta ɗebo masa ruwa, ta jefa ɓawo, suka zuba ido. Babu kumfa.

"Sha abinka, ɗana. Ruwana bai taɓa cutar da kowa ba."

Ya shanye, ya ce, "Gwaggo, ɓawon nan ai ya tsufa."

Ta tsamo shi, ta goge da gefen zane. "Shi kaɗai ya rage. Kajinmu yanzu ƙwansu ba ya zuwa da ɓawo."