Teburin Ƙarfe Shida

Tun makon jiya Nassirou ya kama tebur a gidan abincin da ke cikin wurin wasan nan na kusa da garin Upper Marlboro. Ƙarfe shida daidai, wanda ya makara minti goma kuwa wani za a ba. A can ya shirya tambayar Nafissa ko ya turo manyansa.

Suka sauko daga lilo, tana dariya, yana ta duba agogo. Suna hango ƙofar gidan abincin sai ga Kawu Souleymane, yayan mahaifiyarta.

Nassirou ya rusuna. Ina wuni, ya aikin taksi, ya mutanen Maraɗi, ya jikin Hajiya? Har maƙwabta sai da Kawu ya tambaya, kuma ba a ce wa babba ana sauri. Nassirou yana ji aka kira sunansa sau biyu, aka zaunar da wasu.

Nafissa ta saci kallonsa. "An ba da teburin ko?"

"An bayar," ya ce.

Kawu ya dube su. "Wane tebur? Kai Nassirou, shekara guda kana kawo mini 'ya lilo. In da gaske kake, ranar Asabar ina gida. Ka zo da manyanka."

Ya wuce abinsa. Nafissa ta rufe fuska da gyale.

"Abin da zan tambaye ki ke nan," Nassirou ya ce a hankali.

"To ai ka ji amsa. Yanzu sai ka nemo mini abinci, yunwa nake ji."