Kafin Su Zama Mushe

Motar raguna ta kife da hantsi, tana gama tsallako iyaka daga Maraɗi. Nan da nan mutane suka cika wurin, kuma kowa ya zama alƙali. Aka leƙa gaban mota, babu direba. Take aka yanke masa hukunci: ya tsere Nijar, wai haka suka saba. Wani ya kira lambar da ke jikin ƙofa, ya shaida wa mai dukiyar, Hajiya Zulfa, cewa direbanta ya gudu ya bar ta da asara.

Ragunan da suka karye suna ta shure-shure a bakin titi. Duk wanda ya mutu ba a yanka ba ya zama mushe, ko kyauta ba mai karɓa. Kowa ya san haka, amma surutu ya fi sauƙi.

Mutum ɗaya ne ya kama aiki. Wani siriri, takalmi ƙafa ɗaya, rigarsa jina-jina. Ya ari wuƙa wurin mai tsire, ya durƙusa, ya juya rago alƙibla, ya yi bisimilla. Ya ja jiki zuwa na gaba. Ba wanda ya riƙe masa, da gwiwa yake danne su. Aka ɗauka mahauci ne mai neman na banza, har Talatu mai fura ta ce a dubi yadda yake rawar jiki a kan naman mutane.

Da ya gama na fili ya ce saura biyu a ƙarƙashin mota. Aka yi masa dariya. Aka duba, biyu ne. Ya yanka su. Goma sha tara, ko ɗaya bai tafi a banza ba. Mahautan Jibiya suka iso suka kama ciniki da Hajiya ta waya, shi kuwa aka manta da shi.

Ya goge wuƙar ya mayar, ya je gindin dalbejiya ya zauna shi kaɗai. Abin tausayi, ko sannu bai samu ba. Sai can Talatu ta lura jinin rigarsa ya ƙi bushewa, har yana bin ƙasa. Ta matso da ruwa a kwano, ta ɗaga gefen rigar, sai kwanon ya suɓuce mata.

Ya dube ta, muryarsa da ƙyar take fita.

"Baiwar Allah, ki gaya ma Hajiya Zulfa ban gudu ba."