Maɓallin Hagu

"Riƙe wannan na hagu, Baba, sannan ka danna wancan na ƙarshen dama. Tare ake yi, in ba haka ba aikin ba zai rufu ba."

Saurayin da ya kawo kwamfuta daga Yamai ne ke magana, shugaban ofishin raba hatsi na Tanout yana tsaye yana kallo. Wanda ya iya sabuwar na'urar zai zauna, wanda ya kasa yau za a sallame shi.

Magatakardan ya buɗe yatsun damansa har suka yi zafi, ba su kai ba. Da hannu guda yake bugun keken rubutu tun ranar da igiyar rijiya ta tafi da na hagu a Belbeji. Abin da ya rage kullum yana cikin aljihu, ko 'ya'yansa ba ya bari su gani. Ya tuna su, ya tuna rumbun da fari ya bari fayau.

"Mushe, ba a matso da su kusa?"

"Ni na zaɓe su, da gangan na raba su," in ji saurayin. "Don kada hannu ɗaya ya danna su bisa kuskure."

Shugaba ya duba agogo.

Sai magatakardan ya zaro dungun hannunsa na hagu daga aljihu a gaban kowa, ya ɗora shi bisa maɓallin hagu, ya danna na dama. Aikin ya rufu.

"Nuna mini na gaba, Mushe," ya ce. Bai mayar da shi aljihu ba.