Hannun da Ya Ƙi Bin Tauraro

Kin ce tsohon da aka ba ki ki yi wa gashin hannu yana da taurin kai, ya ƙi motsa hannu. Zauna ki ji ta wani manomi kafin ki rubuta masa haka a katin asibiti. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta dama, aka kawo shi wani asibiti mai na'urar gashin hannu guda ɗaya tak. Ana ɗaure hannun mara lafiya a jikinta, ya riƙa turawa yana bin wani tauraro a allo, inda ƙarfinsa ya gaza ita ta ƙarasa masa. Mutum goma sha ɗaya ke jiran layi. Manomin nan ya yi sati uku yana zaune kamar buhun gero, na'ura na kai hannun tana dawo da shi. Ma'aikaciyar da ke kula da shi ta yi lallashi, ta yi yabo, har faɗa ta yi, duk a banza. Likita ya ce in Juma'a ta zo ba canji, a ba wani gurbinsa. Tsoro ya kama ta, don hannun da aka bari a wannan lokacin sandarewa yake yi.

Ran Laraba ta duba abin da na'urar ke aunawa na ƙoƙarinsa. Wajen miƙawa babu komai, amma duk sanda hannun ke dawowa wajen ƙirjinsa sai awon ya ɗan ɗaga. Ta tambaye shi dalili. Ya ce, "'Yata, shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya da ƙannena. Yanzu a ɗaki nake ci ni kaɗai, don ba zan sa hagu a kwanon mutane ba. Me zan yi da tauraro?" Kunya ta rufe ta, sati uku ba ta taɓa tambayarsa ba. Ta kashe allon, ta saita na'urar ta bi hanyar baki, ta maƙala masa dabino a yatsu. Ran Juma'a likita na tsaye, aka rage taimakon na'urar. Hannun ya taso yana rawa, ya tsaya saura kamar taƙi ɗaya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya sunkuyar da kai kaɗan da ya kai, amma ya ƙi, ya dafe kujera da hagu yana nishi har dabinon ya taɓa leɓensa. Likita ya mayar da biro aljihu bai soke sunansa ba.

To, koma wurin tsohonki ki tambaye shi abin da yake so ya yi da hannun. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.