Allon Asibiti Bai San "Da Sauƙi" Ba

"Umma, me ya sa kike yi wa allon asibiti ƙarya?"

Rumasa'u ce, 'yata mai shekara biyar, tana tallafe mini hannu don tun safe ba na jin yatsuna. Haka ciwon jijiyoyin nan yake, yau ƙafa, gobe ido.

Doka ce yanzu, mai irin ciwona ya rubuta abin da ke ransa kullum a allon na'urar da asibiti ya ba shi. Yana sanyaya zuciya, ban musa ba. Amma allon yana karantawa, yana kai wa hukuma. Watan jiya na rubuta "da sauƙi", yadda ake amsa wa mai dubiya, sai aka rage mini allura. Maƙwabciyata Ladidi ta rubuta ta kasa goya ɗanta. Ranar Laraba aka zo da fara'a aka tafi da shi, wai kafin ta warware.

"Ba ƙarya ba ce, uwata. Aunawa nake yi."

Na rubuta: hannu ya ƙi, amma na yi mata wanka. Sauran na zuba a bayan takardar ƙosai, na yi kukana, na cusa a murhu.

'Yar'uwa, ki rubuta, yana taimako. Amma kada allo ya ji abin da kika kasa yi wa ɗanki.