Motar da Ke Mutuwa a Gindin Tsamiya

An wuce Bakori ke nan sai akori-kurar ta fara tarinta. Ta yi gurnani, ta girgiza kamar mai zazzaɓi, ta fesar da baƙin hayaƙi, sannan ta mutu murus a gindin tsamiyar nan da ke kusa da unguwar Maguzawa. Nan take mutuwa kullum, sai ka ce ta sayi filin.

Dogo direba ya dafe kai. Motar ta Hajiya Barakatu ce, attajirar Funtuwa, ta saye ta hannun wani Bature mai auduga da ya koma gida bayan samun mulkin kai. Hajiya kuwa ba ta maimaita magana. Ta riga ta ce in gishirinta ya sake makara kasuwar Malumfashi, Dogo ya ajiye mata mabuɗi. Ga iyali a gida, ga rani ya kawo kai.

Mijinta, Alhaji Ummaru, shi ke zama gidan gaba don sa ido a kan kaya. Mutum ne mai ƙiba da son girma, babbar rigarsa kan cika gaban motar har giya sai Dogo ya lalubo. Duk wanda ya zauna da shi a Funtuwa ya sha labarin kakanninsa malaman Katsina har ya ƙoshi.

"Zauna nan," in ji Alhaji. "Mutanen nan ba su san salla ba, ba ka iya musu. Bari in nemo masu turi."

Haka yake yi kullum. Ya shiga unguwar riga a cike, ya daɗe, ya fito riga a saɓule yana sakace, ba mai turi ko ɗaya. Kafin nan motar ta huce, bugu ɗaya ta tashi.

Mati makanike ya sha wahalar motar nan. Ya wanke kafireto, ya canza fulogi, ya busa bututun mai da bakinsa har ya yini yana tofar da fetur. A garejinsa lafiya lau take, kamar agogo. 'Yan tasha suka ce iskokin tsamiya ne, Dogo ya rataya laya a madubi. Iskokin ko gezau.

Ranar da Hajiya ta ce ita ce ta ƙarshe, Dogo ya yi sammako wurin Mati, idonsa ja. Mati ya leƙa injin, ya rasa abin da bai taɓa ba, sai wayar cok, wadda akan ja da sanyin safiya don mota ta tashi, in kuwa injin ya yi zafi sai ta shaƙe shi.

"Wannan ma ban yarda da ita ba," ya ce. Don haushi ya kwance ta daga jikin injin ya bar ta tana reto.

Suka ɗauki hanya. Da tsamiya ta ɓullo, Dogo ya shiga karanto duk addu'ar da ya sani. Motar ko atishawa ba ta yi ba. Alhaji ne ya fara mutsu-mutsu a kujera yana gumi, Dogo ya ce a ransa, Allah sarki, shi ma fargaba ce.

A bakin hanya wata tsohuwa Bamaguja na tsaye da akushi a ka, tana kare rana da hannu. Suka wuce ta fuu. Dogo ya yi kabbara don murna, ya juyo ya yi wa Alhaji albishir.

Rigar ta zame. Ga ƙullin gishiri da turmin atamfa a cinyar jikan malamai, ga kan cok a hannunsa, ya zaro wayar tsawon kamu guda yana ta ja, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Dogo, don girman Allah taka birki," ya ce. "Uwata ce."